Idan aka tsikari ƙwayoyin jijiya da lantarki, amsar wa ake ji?

Nafisa: Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya tsaya min a rai. Na karanta aikin da kamfanin Cortical Labs na birnin Melbourne a Ostireliya ya fitar a 2022, inda aka raini ƙwayoyin jijiya kusan 800,000 a kan faranti mai ilektirod, wato ƙananan ɗigon ƙarfe masu tura wuta da sauraron ta, aka haɗa su da wasan kwamfuta na Pong, wanda ake tare ƙwallo da sanda a allo, aka ce sun ƙara iya tare ƙwallo. Ga inda na kasa ganewa: ilektirod ɗin da ke tura wuta da waɗanda ke saurare duk a ruwa ɗaya suke, ruwan kuma mai gishiri ne, lantarki na ratsa shi. Ta yaya mai bincike zai san abin da ya gani a allo amsar ƙwayoyin ce, ba wutar da ya tura da hannunsa ce ta dawo masa ba?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Malama Nafisa, kin taɓo wurin da ya fi ba injiniyoyi wahala. Bari mu fara da girman abubuwan, daga nan za ki ga matsalar da kanki.

Farantin da aka fi amfani da shi gilashi ne mai ilektirod 60, an jera su takwas sau takwas ban da kusurwoyi huɗu. Faɗin kowanne kusan maikuromita 30 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), tazarar da ke tsakani 200, wato duk filin bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Idan ƙwayar jijiya ta harba, wato ta saki saƙonta na lantarki, a cikinta canjin ya kai wajen milibolt 100 cikin milisakan ɗaya zuwa biyu (milisakan dubu ne sakan ɗaya). Amma mu ba a ciki muke ba, a waje muke, abin da ke iso wa ilektirod gomomin maikurobolt ne, in an yi sa'a ɗaruruwa (maikurobolt dubu ne milibolt ɗaya). Shi kuma bugun da ake tsikarar su da shi yakan kai ɗaruruwan milibolt. Ki raba milibolt 500 da maikurobolt 50, za ki samu ninki dubu goma. Amfilifayar, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, da aka tsara don ta ji ƙaramin, idan babban ya doke ta sai ta cika ta toshe, kuma ko bayan bugun ya wuce cajin da ya maƙale a bakin ƙarfen a hankali yake sauka. Wannan jelar da ke biyo baya ita ce ke rufe amsar farko.

Ana magance ta ta hanyoyi da dama. Akwai makunnin da ke cire amfilifaya daga layi daidai lokacin bugun ya mayar da ita nan take. Akwai lissafin da ke kintatar siffar jelar ya ɗebe ta daga siginar. Shi kansa bugun ana yin sa rabi biyu, rabin farko ya tura caji, na biyu ya janye shi, don kada caji ya taru ya ci ƙarfen ko ya lalata ƙwayoyin da ke kusa. Duk da haka milisakan na farko ko biyu yawanci a makance ake, musamman a ilektirod ɗin da ya yi bugun.

Nafisa: Na gode Injiniya. Amma idan lissafi ne ke ɗebe jelar, ai lissafin na iya barin ɓurɓushin da zai yi kama da harbin ƙwaya.

Dakta Rabi: Yana iyawa ƙwarai, ƙanwata, shi ya sa ba lissafi ne alƙalin ƙarshe ba, magani ne. Ana zuba tetrodotoksin, dafin da ake samu a jikin kifin teku dangin talibambam. Yana toshe ƙofofin sodiyam da ƙwaya ke buƙata don ta harba, babu ƙwayar da za ta iya harbawa. Sai a maimaita bugun iri ɗaya. Duk abin da ya rage a allo na na'ura ne, duk abin da ya ɓace na ƙwayoyi ne. Wannan ya rufe tambayarki ta farko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya ɓace ɗin, domin ba iri ɗaya ba ne, kashi biyu ne.

Kashin farko yana zuwa cikin milisakan goma zuwa ashirin na farko bayan bugu. Wutar ce ta tayar da igiyar wata ƙwaya kai tsaye, wato dogon zaren da take aika saƙo ta cikinsa, harbin ya bi igiyar har ya wuce ta kan wani ilektirod. Wannan amsa ba ta saɓa lokaci, in kin buga sau ɗari za ta zo kusan a wuri ɗaya, bambancin bai kai milisakan ɗaya ba. Ko kin toshe mahaɗun gulutamet, wato wuraren da ƙwaya ke miƙa wa wata saƙo da sinadarin gulutamet, da magungunan CNQX da APV tana nan, don ba ta bi ta mahaɗa ba. Ba ta gaya miki komai game da zancen da ƙwayoyin ke yi tsakaninsu, ta dai nuna miki igiyar wa kika taɓa.

Kashi na biyu shi ne na cibiyar kanta, wato ƙwayoyin a haɗe da juna. Ƙwayoyin da aka tayar suna saki sinadari a mahaɗa, maƙwabta su karɓa, wasu su harba, wasu su hana. Cikin gomomi zuwa ɗaruruwan milisakan sai ki ga kusan duk ilektirod sun kama harbi lokaci guda, abin da muke kira ɓarkewa. Wannan kashi kuma ba ya zuwa iri ɗaya sau biyu. Bugu ɗaya, wuri ɗaya, ƙarfi ɗaya, wannan karon farantin ya ɓarke gaba ɗaya, karo na gaba shiru. Dalilin shi ne halin da bugun ya tarar da cibiyar. Idan bai jima da ɓarkewa ba, ƙunshin sinadarin da ke bakin mahaɗa ya ƙare, ƙwayoyin sun gaji, sai sun yi sakanni kafin su farfaɗo. Idan sun daɗe a huce, ɗan bugu kaɗan ya ishe su. Ni a ganina duk wanda zai karanta irin wannan bincike ya riƙe wannan: amsar ba ta bugun kaɗai ba ce, ta bugun ce haɗe da abin da cibiyar ta yi a sakannin da suka gabata.

Usaini: Ku yi haƙuri na katse ku. Wannan shi ne irin cibiyar jijiyar da ke cikin ƙirƙirarriyar basira?

Injiniya Bashir: A'a Usaini, waccan lissafi ce a kwamfuta. Waɗannan rayayyun ƙwayoyi ne, yawanci daga ƙwaƙwalwar ɗan tayin ɓera, a raba su ɗaya ɗaya, a zuba a faranti, a ajiye a ɗumin jiki ana sauya musu ruwan abinci. Da kansu suke miƙa igiyoyi su haɗu. Cikin sati na biyu sun fara ɓarkewa tare, zuwa sati uku ko huɗu sun nuna.

Malam Lawal: Ina biye da ku tun farko. Dakta, bayaninki ya yi kyau, amma bari na faɗi abin da ke damuna da duk wannan fanni. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, a jere cikin tsari, kowane sashe da inda yake karɓa da inda yake kaiwa, ido da kunne da fata suna ta aiko mata saƙo ba dare ba rana. Ku kun wargaza tsarin, kun shimfiɗa 'yan dubbai a gilashi, babu ido babu kunne. Ɓarkewar da kike magana ma ai ta fi kama da farfaɗiya fiye da tunani. To me za a koya game da lafiyayyar ƙwaƙwalwa daga wannan? Kuma cewa sun koyi wasa, ni ban gamsu ba.

Dakta Rabi: Malam, rabin maganarka na yarda da shi ba tare da ja ba. Ɓarkewar ta yi kama da farfaɗiya, masu fannin da kansu sun faɗa. Amma duba abin da suka yi da wannan zargi. Daniel Wagenaar da Jerome Pine da Steve Potter da abokan aikinsu sun yi tunanin cewa rashin saƙo daga waje ne ke jawo ta. A 2005 suka nuna cewa idan aka riƙa aika ƙananan bugu da sauri, ana zagayawa da su bi da bi a ilektirod masu yawa, ɓarkewar tana lafawa, harbin ya watsu ya koma kama da na dabba mai rai a farke. Da aka tara bugun da sauri a ilektirod ɗaya, amsar wurin sai ta dushe. Wannan darasi ne game da cibiyar jijiya ko a ina take, kuma ba za a gano shi da ilektirod ɗaya ba, sai da faranti mai saurare a wurare da yawa lokaci guda.

Ga wani. A 2003 Danny Eytan da Naama Brenner da Shimon Marom a jami'ar Technion ta Haifa sun riƙa tsikarar wuri ɗaya akai-akai, wani wurin kuma jefi-jefi. Cibiyar ta rage kula wanda ya yawaita, ta ƙara ƙarfin amsa wa wanda ba ya yawan zuwa. Babu kunne, babu tsarin da aka haife ta da shi, amma ta ware baƙon abu daga wanda ta saba da shi. Irin wannan ana ganinsa a sashen ji na ƙwaƙwalwar dabbobi. Farantin ya nuna cewa ba sai da wani gini na musamman ake samun sa ba, ƙwayoyi masu tayarwa da masu hanawa da mahaɗu masu gajiya sun isa.

Malam Lawal: Wannan sabo ne kawai, wato sabawa da abu, Dakta, kuma yana gushewa da an daina. Ina maganar canjin da zai zauna.

Dakta Rabi: To nan ne gardamar take da gaske. A cikakken nama ba a musu: Bliss da Lømo sun wallafa a 1973 cewa bugu mai sauri na 'yan sakanni a ƙwaƙwalwar zomo yana ƙarfafa mahaɗa na sa'o'i. A 1998 Bi da Poo suka nuna a rainon ƙwayoyi cewa idan ta farko ta riga ta biyu harbawa da abin da bai wuce milisakan 20 ba, mahaɗar na ƙarfafa, in aka juya tsarin ta raunana. Amma waɗannan 'yan ƙwayoyi ne ko hanya guda. A matakin cibiya gaba ɗaya, Jimbo da abokansa a 1999 sun yi bugu mai sauri a wuri ɗaya, suka tarar wasu hanyoyin sun ƙarfafa wasu sun raunana a tare.

Wanda ya fi kusa da tambayarka shi ne na Shahaf da Marom a 2001. Sun zaɓi ilektirod ɗaya da ba ya yawan amsawa, suka ce muna so ya amsa wajen milisakan 50 bayan bugu. Suka riƙa bugawa a hankali, da zarar ya amsa sau biyu cikin goma sai su tsaya na minti biyar, sannan su dawo. Zagaye bayan zagaye, lokacin da ake ɗauka kafin a samu amsar yana raguwa. Babu lada, babu dofamin, sinadarin lada na ƙwaƙwalwa. Dakatar da tsikarin kawai ya bar cibiyar a inda ta tsaya.

Malam Lawal: An maimaita shi?

Dakta Rabi: Wasu sun gwada, sakamakon bai zo da tsafta kamar na farko ba a kowane faranti. Kuma Wagenaar da Pine da Potter ɗin nan a 2006 sun wallafa gwaje-gwaje masu yawa na neman canji mai ɗorewa a irin waɗannan faranti, mafi yawansu ba su nuna canjin da ya wuce wanda cibiyar ke yi da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Ina girmama wannan takarda matuƙa, don mutanen da suke da muradin ganin abin ya yi aiki ne suka fito suka ce ga inda bai yi ba. Matsalar ita ce farantin ba ya zama wuri ɗaya. Ko ba ka yi komai ba, amsar safe ba ita ce ta yamma ba, kuma ita ɓarkewar tana iya goge abin da ka rubuta a mahaɗa. Don haka duk mai cewa ya koya wa faranti abu, sai ya nuna canjinsa ya fi wannan yawon girma.

Nafisa: To na Pong ɗin fa, ya cika wannan sharaɗin?

Injiniya Bashir: Sun yi kwatance. Wurin ƙwallo ana sanar da shi ta ilektirod takwas, harbin wasu sassan farantin shi ke motsa sandar. In an tare ƙwallo a aika bugu mai tsari, in an kuskure a aika na hargitsi. Sun gwada da farantin da ba a mayar masa da martani, da wanda ruwa ne kawai babu ƙwayoyi. Masu samun martani sun fi daɗewa suna tarewa. Bambancin akwai shi a ƙididdiga, amma ƙarami ne, suna yawan kuskurewa. Ni na ɗauke shi a matsayin shaida cewa martani nan take yana sauya halin cibiya. Labaran da suka ce ƙwayoyin sun san suna wasa sun wuce abin da aka auna.

Malam Lawal: A nan mun haɗu, Injiniya. Amma ina da saura. Kuna cewa "mun tsikari wuri kaza". Tun Fritsch da Hitzig a 1870 da suka sa wa ƙwaƙwalwar kare wuta ƙafa ta motsa, har Penfield a Montreal da ya zana taswirar jiki a ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya, kowa yana ɗauka inda ya taɓa nan ne ya tayar. Haka ne?

Dakta Rabi: A girman santimita, kusan haka ne, shi ya sa taswirar Penfield ta tsaya. A girman ƙwaya, a'a. Igiyar ƙwaya ta fi jikinta saurin tashi da lantarki, Ranck ya tattara hujjar hakan tun 1975. A 2009 Histed da Bonin da Reid a Harvard suka kalli ƙwayoyin da na'urar hangen nesa ta haske yayin da ake bugu. Waɗanda suka tashi ba dunƙule suke a bakin ilektirod ba, a warwatse suke, wasu da nisan ɗaruruwan maikuromita, domin igiyoyinsu ne suka ratsa ta bakin tsinken ilektirod ɗin. Da aka gusa tsinken kaɗan, wasu ƙwayoyi daban suka tashi. Sannan wutar ba ta tantance mai tayarwa da mai hanawa, kuma harbin da ta tayar a tsakiyar igiya yana tafiya gaba yana komawa baya. Wannan na cikin dalilan da suka sa dabarar tayar da ƙwayoyi da haske ta karɓu bayan 2005, tana ba ka damar zaɓar iri ɗaya, kuma ba ta toshe amfilifaya kamar wuta. Sai dai tana buƙatar a sa wa ƙwaya sabuwar ƙwayar gado, don haka a ƙwaƙwalwar majiyyaci har yanzu lantarki ne a hannunmu.

Usaini: Wannan shi ne abin da nake son ji. Mara lafiya yana amfana da duk wannan?

Dakta Rabi: Yana amfana, kuma tun kafin a gama fahimta. A 1987 Alim-Louis Benabid a Grenoble ta Faransa ya fara dasa ilektirod a can cikin ƙwaƙwalwa don tsayar da karkarwa. Yau masu cutar Parkinson da yawa suna ɗauke da na'urar da ke bugu wajen sau 130 a sakan. Rage saurin sosai, amfanin ya tafi, wani lokaci ma alamun su ƙaru. Na'urar kunne da ake dasawa tana da ilektirod da ba su wuce 22 ko kusa da haka ba, a gaban jijiyar ji mai zare kusan 30,000, wutar kuma tana bazuwa cikin ruwan kunne har maƙwabtan ilektirod su shiga filin juna, amma mutane suna jin magana da ita.

Inda maganarmu ta faranti ta shigo shi ne halin da bugu ya tarar da cibiya. Tsoffin na'urori bugu kawai suke, ba sa saurare. A 2013 Amurka ta amince da na'urar farfaɗiya mai saurare, sai ta hangi alamar tashin ciwo take bugawa. A Parkinson kuma ana bin wani kaɗawar lantarkin ƙwaƙwalwa mai sau 13 zuwa 30 a sakan da ke ƙaruwa idan jiki ya sandare, a ƙara wuta ko a rage gwargwadonsa. Kuma kowace irin wannan na'ura tana fama da tambayar Nafisa ta farko, yadda za ta ji ƙwaƙwalwa alhali ita ce ke bugu.

Nafisa: Injiniya, idan aka ƙara yawan ilektirod, ba za a warware yawancin wannan ba?

Injiniya Bashir: Wani ɓangare. Ki ɗauki ilektirod kamar makirufo a zauren taro: na kusa da shi yake ji sosai, na nesa ya zama guna-guni. Da wuya ya ware ƙwayar da ta wuce maikuromita 50 zuwa 100. Idan kuma suna kusa da juna, ƙwaya ɗaya za ta bayyana a da yawa lokaci guda, sai a gane wace ce daga yadda siginarta ta bazu. Farantan da aka ƙera a jami'ar ETH ta Zurich suna da ilektirod 26,400, har ana bin harbi yana tafiya a igiya ɗaya. Tsinken Neuropixels na 2017, wanda ake sokawa cikin ƙwaƙwalwa, yana da wurin saurare 960 a tsawon santimita ɗaya, ana karanta 384 lokaci guda. Kwatanta da jerin ilektirod da ake kira Utah, mai tsinke 100, da aka dasa a ƙwaƙwalwar masu shanyewar jiki suka motsa hannun mutum-mutumi. Ki lissafa: layi 384, kowanne awo 30,000 a sakan, kowane awo bayit biyu, kin haura gigabayit 80 a sa'a ɗaya.

Malam Lawal: Sauraro ya yi nisa, na gani. Tsikarin fa?

Injiniya Bashir: Shi ne ya rage a baya, Malam. Ƙaramin ilektirod yana ji da kyau amma cajin da zai iya turawa ba tare da ya lalace ba kaɗan ne, kuma ko an tura, ruwan gishirin zai baza shi. Muna iya sauraron ɗaruruwan ƙwayoyi kowace da sunanta, amma ba mu iya cewa ke kaɗai ki harba yanzu, sai a wurare kaɗan kamar tantanin cikin ido mai karɓar haske da aka shimfiɗa a faranti.

Nafisa: Allah ya saka da alheri. Akwai bayanan irin wannan gwaji da aka saki kyauta, ina so na gwada dubawa. Daga ina zan fara?

Dakta Rabi: Ki ɗauki ilektirod ɗin bugu guda ɗaya, ki jera duk maimaicinsa layi bisa layi, lokacin bugu a sifili, kowane harbi ɗigo. Amsar kai tsaye za ta fito miki a miƙe kamar an ja layi, ta cibiya kuma a warwatse. Daga nan ki sake jera layukan, ba bisa tsarin da aka yi su ba, bisa tsawon lokacin da ya wuce tun ɓarkewar ƙarshe kafin kowane bugu. Ki watsar da milisakan biyun farko. Kafin ki ce wani horo ya canza komai, ki raba lokacin da ba a yi horo ba gida biyu ki kwatanta su da juna, ki ga girman bambancin da ke zuwa shi kaɗai. Ki turo hoton nan idan kin zana, Injiniya ya duba miki ko jelar bugun ta ɗebu da kyau.